Hoton Garin Ruwa na Iya

A gidanmu na Kano komai da lokacinsa. A ci tuwo, a wanke kwanuka, a yi sallah, sannan mu zagaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya zama.

Iya tana da wani tsohon hoto mai launin ƙasa-ƙasa, wanda marigayi mijinta ya tsinta cikin dilar atamfar Holan sa'ad da yake aikin kanti. Dogayen gidaje ne sirara, a jere kafaɗa da kafaɗa, ga ruwa shimfiɗe a gabansu maimakon titi. Akwai gadar dutse da kwalekwale a ɗaure. Ruwan ya kwafe gidajen a kife, ko taga ɗaya bai bari ba.

Wata rana Baffa, babban ɗan Iya, ya tarar hoton yana yawo a hannunmu. Ya karɓe, ya nufi murhu.

"Iya, hoto yana hana mala'iku shiga gida. Gara a ƙona shi."

Iya ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Malam, ba hoton mai rai aka hana ba? To duba. In ka ga mai rai, ga wuta nan."

Ya matso da fitila, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗora yatsa kan gadar, inda wani duhu ya tsaya kamar hayaƙi. "Wannan fa?"

"Zauna ka ji. Yara, ga ta nan tafe."

Muka amsa da ƙyar, idonmu na kan hannun Baffa.

Ta ce garin masu sauri ne. Mai akwatin hoto ya zo ya ce akwatinsa a hankali yake gani, duk mai son fitowa sai ya tsaya cak. Mai kifi ya ce kifinsa zai lalace, ya wuce. Mai madara ta ce rana za ta yi mata. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tsaya kan gada, amma jikarta ta fashe da kuka, sai ta juya ta bi ta.

"Abin da ya rage nata ke nan. Ba ido, ba hanci. In wannan mai rai ne, Malam, hayaƙin murhuna ma mai rai ne."

Baffa ya cije dariya. "Iya, kin fi ƙarfin alƙali." Ya miƙa mata da hannu biyu.

Yanzu a ƙasar waje nake, a wata unguwa da ake kira Wangsa Maju, inda maigidana yake koyarwa. Kwanan baya 'yata Zainab ta nuna mini irin waɗannan hotuna a wayarta, na ba ta labarin.

"Mama, da gaske ne lah," in ji ta, da "lah" ɗin da mutanen nan suke ƙarawa a ƙarshen magana. "Kyamarar zamanin da tana jimawa a buɗe. Duk mai motsi ɓacewa yake."

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mutum ya natsu. Yanzu nakan daɗe ina duban titunan cikin hotunan nan da ba kowa, don na san cike suke da mutane a ranar, hidima ce ta ɓoye su. Iya ma ta raini gida guda, kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi.