Harsashin Laminu

Kaka ba ta yarda a yi tatsuniya ba wuta. Da Baba ya ɗauko ta daga Tahoua zuwa gidanmu na unguwar Minguettes a Faransa, hawa na tara, sai ta riƙa kunna kan murhun gaz ɗaya a madafa bayan isha'i, mu zauna ƙasa ni da wana Laminu. Wutar shuɗiya ce, ba hayaƙi, amma Kaka takan miƙa mata tafin hannu kamar ta kara ce.

Shekarar da Laminu ya cika sha shida ya sami takardar farauta. Baba ya daɗe yana bin Turawan wurin aikinsa halbin barewa, kuma da hannunsa yake ɗura harsashi, da ɗan sikelinsa. Wani tsoho cikinsu ya ba shi shawara ya rage wa Laminu albarushi, sabon hannu ne. Baba ya ce ɗansa jikan mahalba ne, cikakke zai ɗura masa.

Baba ɗan fari ne, Kaka ba ta faɗin sunansa, balle ta yi masa magana ido da ido. Ran nan ta jira sai da ya zo shan ruwa, sannan ta fara. Wai wani mahalbi ya cika wa ɗansa bindiga har wuya. Halbin farko ta shure yaron, ya faɗi. Tun daga nan, kafin ya ja kunama sai ya runtse ido, gada ta wuce a gabansa bai gan ta ba, gari ya sa masa suna matsoraci.

"Ba tsoro aka haife shi da shi ba," in ji Kaka, tana kallon wuta. "Ɗura masa aka yi."

Baba ya aje kofi ya fita.

Ran Lahadi Laminu ya dawo daga farauta da kafaɗa baƙa ƙirin, gira a fashe, madubin bindiga ya buge shi. Ciwon bai dame shi ba kamar dariyar da Baba ya yi masa gaban mutane. Bai sake bin su ba. Da ya kai sha takwas ya tafi Paris, can Saint-Denis. In ya yi waya, ni da Kaka yake nema.

Da Baba ya rasu, Kaka ta riga shi, ni na kwashe kayansa. Na tarar da ƙaramin kwali, harsashi jere, an rubuta Laminu a kai. Tsohon Baturen nan ya ce masu sauƙin albarushi ne, bayan tafiyar Laminu Baba ya ɗura su, yana jiran ya zo.

Ashe Baba ya ji Kaka. Kiran Laminu ne ya kasa.

Yanzu ina da ɗa mai shekara huɗu. Jiya ya zubar da madara na daka masa tsawa, na ga ya runtse ido. Na zauna ƙasa a madafa na ja shi jikina, ban bari ya kwana da ita ba.