Almakashi da Abokin Faɗansa na Cikin Rediyo

Duk wanda ya san Almakashi mai aski ya san ba a kai masa kai ranar wasa. Hannunsa na kan ƙeyarka, kunnensa na kan wata tsohuwar rediyo da ke tsakanin hoda da man gashi, an ɗaure murfin batirinta da roba. Mutum ya zo gyaran fuska, ya tafi da rabin gira.

Ba ƙwallon ce ke haukata shi ba, mai sharhin ne, wanda ake kira Ƙararrawa. Kowa na son mutumin nan, har tsofaffin da ba su san fenariti ba. Ban da Almakashi. Shi tun yana yawo ba wando yake bayan masu koriyar riga, Ƙararrawa kuwa bai taɓa kiransu da sunansu ba, sai "'yan rakiya", wai su raka wasu har bakin kofi su juyo.

"Kai ne ɗan rakiya!" in ji Almakashi, yana nuna rediyo da reza. "Wallahi ranar da muka ɗauki kofi, da bakinka za ka kira mu zakaru, ina nan ina jira!"

Jiran nan ya yi shi har furfura ta fito masa. Matarsa ta ce ko ita bai taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba.

To bana sai ga masu kore a wasan ƙarshe. Almakashi ya sayi sabon batir, ya goge rediyo da tawul ɗin kwastoma. Ana cikin satin wasa, da hantsi, rediyon ta sanar: Ƙararrawa ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, rai ya yi halinsa.

Layi ya ɗauki salati. Tela maƙwabcinsa ya leƙo da jajayen idanu, amma bakinsa bai bar halinsa ba.

"Mutumina, kai dai ka huta. Gaisuwa za a yi maka ko barka?"

"Fita min daga shago!"

Almakashi ya je ya zauna cikin masu jimami a bakin titi, suka ce, "A'a, Kawu, kai kuma da me?" Ya dawo yana huci. Wato shi kaɗai aka hana baƙin ciki.

Ranar wasa aka sa wani sabon mai sharhi, mai ladabi, yana ta yabon masu kore. Almakashi ya buɗe baki zai yi musu, ya rasa da wa. Suka ci. Suka ɗauki kofin! Titi ya ɗauki ihu, sabon nan na ta "zakaru, zakaru".

Almakashi ya kashe rediyo. Wani direba na kan kujera da rabin aski.

"Maigida, ba murna?"

"Murnar me? Wa ya tambayi wannan sabon?" Ya juya ga rediyon. "Guduwa ka yi. Ka ga za mu ci, ka gudu. Kalma ɗaya fa, Ƙararrawa, kalma ɗaya!"

Ya goge ido da tawul, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ƙara da cewa amma dai bai kyauta ba. Direba ya dubi madubi, ya dube shi, ya jawo hularsa ya rufe rabin askin ya fita a hankali.