Yadda harajin alawus ya hana ni dawo da 'yata Jidda

Shekarun baya, lokacin ƙafata ba ta fara ciwo ba, ina tsayawa da kaina a kan wutar tsire a wani lungu na unguwar Bani Malik, na tura babbar 'yata gida Najeriya wajen ƙanwata don ta yi karatun jinya da ungozoma. A nan Jidda aka haife ta. Hausarta ma a lokacin rabi Larabci ce.

Da ta shiga shekara ta biyu sai gwamnatin jiharmu ta ɗauke ta cikin ɗaliban da ake ba alawus duk wata, da sharaɗin in sun gama su yi aikin shekara uku a asibitin ƙauye. Ni alawus ɗin kawai na ji. Sharaɗin kuwa ta kunnen dama ya shiga, ta hagu ya fita. Na raba tsire kyauta a ranar, ina gaya wa kowa gwamnati ta yi wa 'yata kyauta.

Wata rana muna waya ta ce kuɗin ba ya zuwa cif, ana ɗan cire haraji tunda an sa su a layin ma'aikata. Ranar na tayar da hankalin gida. Ku fahimce ni, na fi rabin rayuwata a ƙasar nan, ban taɓa jin an taɓa albashin mutum da sunan haraji ba, balle kuɗin ɗaliba. Na ce sata ce ƙiri-ƙiri.

Mahaifiyarta ta ce, "Alhaji, nawa ma aka cire?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

Ta ce, "To ka zauna ka sha shayinka."

Ban zauna ba. Na kai maganar majalisar da ke taruwa gaban teburina bayan la'asar. Kwana da kwanaki ana musu: wannan ya ce alawus kyauta ce, wancan ya ce bashi ne, wani ya ce albashi ne. Cikinmu babu wanda ya wuce firamare, amma kowa ya yanke hukunci. Abokina, Bahaushen Sudan da ke tuƙa motar wani ƙaramin asibiti a unguwar Aziziyya, shi ya fi kowa ɗaga murya.

Ya ce, "Ya hajji, kyauta ce, halas! Kuma mutanen da ke yankar kyautar yarinya za ka bar musu ita? Ta gama kawai ka dawo da ita. Mai asibitinmu na neman nas mai jin Larabci da Hausa. Iƙama, takardar izinin zama, a kansa."

Maganar ta yi mini daɗi, don dama abin da ke raina ke nan. Ina kewarta. Na je na ga mai asibitin ba tare da na shawarce ta ba. Har fenti na sa aka yi wa ɗakinta, ruwan hoda, kamar mai jiran 'yar shekara bakwai.

Da ta gama, na kira ta ina ta zumuɗi, na zayyana mata komai. Ta ce, "Baba, aikin ƙauyen fa?"

Na ce, "Wane aiki? Kyauta suka ba ki, kin yi godiya, yalla."

Ta ce, "Baba, ba kai ka shekara kana faɗa a kan sun cire mini haraji ba?"

Na ce, "Ni ne, har gobe ma ina kan bakana."

Ta ce, "To ka taɓa ganin gwamnati ta cire haraji a kyautar da ita ta bayar? Albashi ne, Baba. Na riga na cinye shi, aikin ne ban yi ba."

Sandar da na shekara ina dukan gwamnati da ita, ga ta yau a hannun 'yata. Na yi ƙoƙarin zillewa, na ce zan sayar da abin da zan sayar in mayar musu da kuɗinsu.

Ta yi dariya ta ce, "Kuɗin naka zai tashi ya karɓi haihuwa? Garin da aka tura ni, mata a kan babur ake kai su wani gari in naƙuda ta zo."

Na kashe waya. Na yi mata gaba ta kusan wata biyu, abin da har yau nake jin kunyarsa. Mahaifiyarta ce ta gaji, ta miƙo mini waya wata safiya ta ce, "Ga ma'aikaciyar gwamnati, ka gaishe ta da aiki." Na karɓa, na ce wa 'yata Allah ya yi albarka. Mai asibiti kuma na je na ba shi haƙuri, abokina yana gefe yana kallon silin kamar ba shi ya kitsa ba.

Ta yi shekara ukunta, ta ƙara da wasu don ra'ayin kanta. Hausarta yanzu ta fi tawa, har gyara mini take yi.

Abin da na gane a makare shi ne, ba harajin ne ya dame ni ba. So nake in ji ba wanda ke da haƙƙi a kan yarinyar sai ni. Ashe akwai mutanen da ban taɓa gani ba, su ma suna jiranta.

Yanzu kuwa ina ganinsu. Duk wanda ya zo Umara ko Hajji daga garin da take aiki, in ya biyo ta Jidda sayayya, sai ya nemi teburin baban nas. Su zauna su ba ni labarin yaran da ta karɓa, su ci tsire su ƙoshi, in ce a bar kuɗin. Bara wata tsohuwa ta ce har na guzuri take so, a sa yaji da yawa.

Abokina ya kalle ni ina naɗe mata ya ce, "Ya hajji, ka ce ba a cire haraji a ƙasar nan?"

Na ce, "Rufe mini baki, miƙo takarda."