Masanin Bushiyar Teku

Masanin yana tsaye a ɗakin baje kolin halittun ruwa, farar riga har gwiwa, sai hura hanci yake. Gabansa busassun ƙoƙunan bushiyar teku ne, wata 'yar halittar ruwa mai ƙaya kamar bushiya, ƙayarsu ta daɗe da kakkaɓewa. Yana jero mana, mu 'yan kallo, danginsu ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya raɗa musu suna. Na rantse ko yatsa bai taɓa tsomawa a teku ba.

Sai ga wani tsohon masunci yana ɗingishi, ƙafa a kumbure, ya miƙa masa bokiti.

"Ranka ya daɗe, wannan na taka. Mai dafi ce?"

Gogan ya leƙa, ya ga bushiyar teku mai rai, ƙayoyinta na motsi, ya yi baya yana yatsina fuska.

"Baba, fitar da ƙazantar nan! Namu ba su da ƙaya."