Inabin Tsoho da Ruwan Kan Dutse

A shekarar da autarmu ta tafi karatu Yamai, gidanmu na Tawa ya yi mana girma. Ni ungozoma ce, maigidana kuma malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma tun da muka yi aure ban tuna ranar da muka fita mu biyu haka kawai ba. In ba biki ba, to gaisuwar mutuwa ce. Shi ya sa da ya dawo ran wata Alhamis ya ce in nemi wadda za ta riƙe mini aikin Asabar da Lahadi, sai na ajiye ludayi na tambaye shi wa ya rasu.

Ya yi dariya ya ce ba kowa. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin kawunsa, wani tsoho mai lambu a wani kwari gaba da Barmu, wai yana noman inabi. Bayan lambun kuma akwai dutsen da ruwa yake zubowa daga kansa in an yi ruwan sama, har mutanen ƙauyukan kusa suna zuwa kallo. Can yake so mu je. Ni inabi a kasuwa kawai na san shi, wanda manyan motoci suke kawowa daga arewa, ban yarda zai fito a ƙasarmu mai duwatsu ba. Amma na ga yadda yake maganar yana kallon gefe kamar saurayi, sai na ce to.

Ƙarshen bazara ne, an yi ruwan fari kwana huɗu kafin nan. Mun fita da sassafe a kan motonsa, wato babur ɗinsa. Da muka bar kwalta sai ƙasa ta buɗe, ja wur, ga mutane jefi-jefi a gonaki suna shuka, wani na sara, wata na binsa tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Daga nesa kamar rawa suke yi ba kiɗa. Iska tana ta jan mayafina. Na daɗe ban zauna wuri ɗaya ba tare da wani ya kira ni ba, har gyangyaɗi ya soma ɗaukata, na jingina goshina da bayansa.

Wajen hantsi muka gangara kwarin. Tsohon yana bakin shinge yana jiranmu, dogo ne siriri, ga wani tsohon almakashi rataye a wuyansa da igiya. Bayan gaisuwa mai tsawo ya wuce gaba muka bi shi, ta cikin mangwaro da lemo, har muka isa wata doguwar rumfa da ganye ya lulluɓe. Na sunkuya na shiga. Hasken da ke ciki kore ne, kamar an tace rana da ganye, sanyin wurin kuma irin na bakin randa. Da na ɗaga kai sai ga nonnan inabi suna reto, wasu baƙi, wasu ruwan zuma, zanzaro na kewaya su.

Tsohon ya ce mun zo a ƙurarren lokaci, da mun ƙara mako ɗaya da sai dai mu ga ganye. Ya yanko nono ɗaya ya ɗauraye a bakin rijiya ya miƙo mini.

"Ɗiyata, kar ki tauna da sauri," in ji shi. "Ki bar shi bisa halshe, shi za ya hwashe da kainai."

Na yi yadda ya ce. Ɗumin rana na jikin ƙwayar, cikinta kuma da sanyi, ga zaƙi, ga ɗan tsami can ƙarshe. Maigidana yana tsaye yana kallona, bai ci nasa ba sai da na haɗiye.

A ƙarƙashin rumfar muka wuni. Matar tsohon, wata gajeriyar dattijuwa mai yawan murmushi, ta kawo mana fura, daga baya ta matse inabin da ya nuna sosai a ƙwarya, ta tace da tsumma mai tsabta muka sha nan take. Tsohon yana dafa shayi yana ba mu labari. Yana saurayi ya tafi neman aiki can ƙetaren hamada, ya yi shekaru a gonar wani Balarabe. Da zai dawo, abokan tafiyarsa kowa ya sayo rediyo da bargo, shi kuwa ya naɗo ƴan sandunan inabi bakwai a jiƙaƙƙen buhu, yana rage ruwan shansa yana yayyafa musu a hanya. Biyu suka rayu. Matarsa ta ce shekara uku ƴan garin suna yi masa dariya, ita ma tana taya su a ɓoye.

Da la'asar tsohon ya kai mu wurin dutsen. Ba nisa, bayan lambun ne kaɗan, inda kwarin ya ƙare da wani bango mai tsayin kuka biyu. A bushe yake ƙayau. Sai wani baƙin zane da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, da wani rami mai yashi a gindinsa, awaki na kwance a ciki. Na ga fuskar maigidana ta canza. Ya ce mini a hankali in yi haƙuri, ya ɗauko ni tun daga gari don kallon busasshen dutse. Na ce masa ni ban ga abin haƙuri ba, kuma har zuciyata haka ne. Tsohon dai ya kori awakin daga ramin, ya dubi gabas.

Mun kwana a gidansu. Washegari sama ta waye tas, ba ko ɗigon girgije a kanmu, sai can gabas da ta yi duhu kamar an shafa shuni. Muna karyawa, muna shirin kama hanya, sai tsohon ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ni ban ji komai ba da farko. Can sai na ji wani abu kamar garken shanu na tahowa daga nesa.

"An yi ruwa bisa tudu," ya ce. "Ku taso, baƙonku ya iso."

Muka bi shi har wani dutse mai faɗi a gefe, inda ya ce kada mu wuce. Iska mai sanyi ce ta fara isowa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai wani siririn ruwa ya leƙo daga saman bangon, ya sauko yana bin baƙin zanen nan kamar mai tuna hanya. Kafin in juya in nuna wa maigidana, bangon duka ya cika. Ruwan ja ne, kalar ƙasarmu, yana faɗowa da kara da ƙiraruwa, ƙararsa tana shiga har ƙirji. Rana kuwa tana nan tana haskawa. Feshin da ke tashi daga ramin ya yi fari, bakan gizo ya tsaya a cikinsa, kusa da mu ƙwarai, kamar in miƙa hannu.

Mutane suka fara fitowa daga gonaki, suka jeru a kan duwatsu, ba mai magana don ba wanda zai ji wani. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba. Na tuna dai fuskata ta jiƙe, ban goge ba.

Da ƙarfin ruwan ya ragu, ya fara washewa, tsohon ya ce yanzu ana iya matsawa. Ni ƙafa kawai na tsoma a gefe. Ina ɗagowa sai na ga maigidana, mutumin da ko hularsa ba ya yarda ta karkace, ya tuɓe takalmi ya miƙa wa tsohon agogonsa, ya shiga da rigarsa har ƙarƙashin ruwan. Ya tsaya idonsa a rufe, ruwa na dukan kafaɗunsa. Da ya fito yana rawar sanyi sai ya ce da ni, "Tun ina yaro rabona da haka." Dattijuwar ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Kafin azahar ruwan ya koma zare, daga nan sai ɗigo. Amma ƙoramar da ke tsakaninmu da hanya ta cika, dole muka jira. Muka koma rumfar, maigidana ya shanya rigarsa a kan shinge ya ari ta tsohon, wadda ta kai masa har idon sawu. Na kwanta a tabarma ina kallon ganye, barci ya ɗauke ni da rana tsaka, abin da na yi shekaru ban yi ba.

Sai bayan la'asar muka ƙetare, wasu manoma biyu suka taya shi tura moton cikin laka. Mun shiga Tawa ana kiran magariba, ina rungume da ƙwaryar inabi da aka rufe da ganye. A garin ko ɗigo ba a yi ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta ga jar laka har gwiwarmu, ta tambaya ko lafiya. Na yanko mata nono ɗaya na miƙa mata, na ce ta shigo in ta yi salla, labarin da tsawo.