Ƙwayar da Inna Ta Ce In Zubar

Inna ta fara shan ƙwayar barci ne a cikin takabar Baba. Wata ƙawarta daga Gyallesu ta zo gaisuwa, ta ga yadda idanunta suka faɗa, sai ta ƙulle mata ƙwaya huɗu a bakin zane.

"Rabi za ki riƙa sha, Hajiya. Ni ma ita ta fitar da ni daga tawa takabar."

Babu wanda ya ga laifin hakan. Ni da kaina na raka matar har zaure ina yi mata godiya.

Takaba ta ƙare, Inna ba ta daina ba. Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu. Wani mai kemis a nan Tudun Wada ya saba da fuskata har ba ya tambayar takardar likita. A cikin shekara biyu, matar da take tashin gida duka sallar asuba ta koma sai rana ta fito take rama tata. Takan sa gishiri sau biyu a miya. Ta taɓa tambayata ko na dawo daga Hanwa, alhali ina zaune gabanta tun hantsi. Ba mu faɗa wa kowa ba. In baƙi suka tarar da ita tana layi, sai mu ce hawan jini ne.

Ranar da ake duban watan azumi ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini gwangwanin madarar da take ɓoye su a ciki.

"Je ki zuba a masai."

"Duka, Inna?"

"To me za ki rage, iri? Ba zan shiga azumi da wannan abin a cikina ba. Kunyar Allah nake ji."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na zuba, na kora da buta guda.

Kwana biyu ba ta runtsa ba, muka ce wahalar farkon azumi ce. A rana ta uku hannunta ya fara rawa, zufa tana keto mata. Tana alwalar la'asar ta faɗi a kan simintin tsakar gida, jikinta yana jijjiga, idanunta sun kafe. Yayana ya ce iska ce, ya kira malamin unguwa aka yi mata ruƙiya. Sai da abin ya sake tasowa washegari muka kai ta asibiti.

Likitar mace ce, mai sanyin murya.

"Tana shan wani magani?"

"Ta daina," na ce, har da ɗan alfahari.

"Yaushe?"

"Ranar da aka ga wata."

Ta ajiye biro. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jikin da ya saba da irin wannan ƙwaya ba a yanke masa ita rana ɗaya. A hankali ake ragewa, wata da watanni, likita yana bibiya. Yankewa farat ɗaya tana kawo jijjiga, wani lokaci har ta kashe. Sannan ta nuna mana hoton ƙugun Inna, inda ya karye a faɗuwar da ta yi.

Aka mayar da ita kan ƙwayar don a sauko da ita sannu a hankali. Ranar ta juya fuska bango. Ni nake yanka mata da reza a kan faranti. Ta sauko daga biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa rabi. Amma ba ta ƙara taka ƙafarta ba, kuma doguwar kwanciya ta jawo mata ciwon ƙirji.

Wata safiya ina yanka, reza ta goce, ƙwayar ta marmashe. Ta daɗe tana kallona.

"Ke dai ba ki iya yanka ba, ko na kuɓewa." Ta ja numfashi. "Ni na ce ki zubar. Kada ki ɗauki abin da ba naki ba."

Na ce to, na tattara garin da bakin reza.

Ta rasu kwana tara bayan Babbar Sallah, tana kan kwata, rabin rabin ƙwaya. Likita ta ce da saura mako uku ta gama rabuwa da ita.