Attarugu ko Daddawa

Shekara talatin da ɗaya Malam Maikasuwa ya yi yana leƙen bakin tsuntsaye a ƙasar Gwiwa, aikin da har surukinsa ya rasu bai yarda aiki ne ba. Masinja aka ɗauke shi a sashen gona. Sai aka lura in tsuntsaye suka sauka a gero, shi kaɗai ke iya cewa wannan jan-baki ne mai share gona, wannan marai ne, waccan gwara ce 'yar kwaɗayi kawai. In ya ce jan-baki, a kawo feshi. In ya ce a'a, masu feshi su koma Kazaure su ci gaba da hamma.

Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya yi yana. Matarsa Batulu kaɗai ta sani, don ran da ofis ya ji, ran nan za a ce ya je gida ya huta, a karɓe madubin hangen nesa. Sai ta riƙa bin sa da sunan kai masa fura.

Wata Laraba, gero ya fara ƙosawa, aka kira shi bakin wani tafki inda tsuntsaye suka cika ƙayoyi. Madam Rhoda, shugabar sashen, tana tsaye da takarda, manoma sun yi cirko-cirko. Ya ɗora madubi a ido, bai ga komai ba sai wani abu kamar kunu. Batulu ta tsuguna gefensa tana dama fura.

"Bakin fa?" ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kamar kabewa."

"Matar ce wannan. Nemi mijin."

"Malam, ni na ɗaura musu aure?"

"Mai baƙar fuska, Batulu. Bakinsa attarugu ne ko daddawa?"

Ta ɗaga kai kamar mai duba hadari. "Attarugu. Nunanne ma."

Ya gyara murya. "Jan-baki ne, ranki ya daɗe."

Madam Rhoda ba ta rubuta ba. "Baba, tsuntsayen suna gabas. Kai kuwa tun ɗazu rumbun mutane kake hange."

Yana da ƙarya uku a ajiye saboda irin wannan rana, amma ko ɗaya bai iya ɗagowa ba. Ya cire igiyar madubin, ya rataya wa Batulu a wuya.

"Damina biyu ke nan ita ce idon. Ni baki ne kawai."

Ya tsaya jiran sallama. Har ya fara hango tabarmarsa a gindin darbejiya, sai ya ji abin ma ba laifi.

Madam Rhoda ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ninke takarda. "Gobe akwai kira a Roni. Ku zo ku biyu, ido da baki."

Maikasuwa ya zauna daɓas a kan kunyar gona, ya miƙa hannu a ba shi furar. Batulu ta ce ya dama da kansa, ita ma'aikaciya ce.